Tseren da ake saɓa keke a kafaɗa: za a iya shirya gasarsa a Maradi?

Ƙanena tambayarka ta iso ni kuma na ji daɗinta, don mu masu harkar keke ba kasafai ake mana irin wannan tambaya ba, kullum sai dai nawa ne taya, ko a rage mini kuɗin sarƙa. Ka ce ka ga bidiyo a waya, Turawa sun yi dumu-dumu da taɓo har gira, wani ya diro ya saɓa kekensa a kafaɗa yana hawan tudu da gudu, jama'a sun yi dafifi suna ihu, kana son sanin wane irin wasa ne wannan, kuma ko kai da yaranku na kartiye za ku iya shirya gasa irinta a nan Maradi alhali ba ku da irin kekunansu kuma ba mu da irin taɓonsu. To za ku iya. Ni a ganina ma duk cikin tseren keke babu wanda ya dace da aljihunmu da ƙasarmu kamar wannan. Amma ka tsaya ka ji yadda abin yake tukuna, don in kuka shiga da ka Lahadi biyu za ku yi kowa ya kama gabansa.

Sunan wasan siklo-kuros. Ba tseren titi ba ne da ake barin wannan gari a je wancan, fili ake samu a zagaye shi da igiya ko kirtani a fitar da hanya mai lanƙwasa, a dokar hukumar keke ta duniya UCI zagaye ɗaya kilomita 2.5 ne zuwa 3.5, faɗin hanyar kada ya gaza mita 3, kuma aƙalla kashi 90 cikin 100 ya zama ana iya tuƙa shi a kan keke. Sauran ɗan abin da ya rage shi ne inda dole ka sauka: matakala, tudu mai tsaye, ko katako guda biyu da ake girkewa a tsakiyar hanya, tsayinsu ba ya wuce santimita 40, tsakaninsu mita 4 zuwa 6. Kuma da lokaci ake yinsa ba da nisa ba. Manya maza wajen awa guda, matasa minti 40. Alkalai suna duba saurin na gaba a zagaye biyun farko sai su lissafa zagaye nawa za a yi, su riƙa ɗaga allo ana ganin saura nawa, in ya rage ɗaya a kaɗa ƙararrawa. Awa guda kamar wasa ko? Ka gwada minti 20 kawai ba tare da ka samu wurin da za ka saki feda ka huta ba, sannan ka zo mu yi magana.

Asalinsa Faransa ne, farkon shekarun 1900, masu tseren titi ne ke neman abin da zai riƙe musu jiki lokacin sanyi sai suka riƙa ratsa gonaki suna tsallake shinge. A 1902 aka fara gasar ƙasa a can, gasar duniya kuwa sai 1950 a Paris, wanda ya ci shi ne Jean Robic, mutumin da ya riga ya ci Tour de France, babban tseren keken titi na Faransa, a 1947. Amma yau in ana maganar gidan wasan to Beljik ce da Holand, daga Satumba zuwa Fabrairu, kuma ina kyautata zaton bidiyon da ka gani daga can ne. Eric De Vlaeminck ɗan Beljik ya ci kambun duniya sau 7, Mathieu van der Poel na Holand ya kamo shi a 2025, Wout van Aert ya ci sau uku a jere daga 2016 zuwa 2018, a mata kuma Marianne Vos tana da 8.

Yanzu ga inda mutanenmu ke ɓata. Kowa idonsa na kan waɗannan da ake nunawa a talabijin, da kekunansu da ba su kai kilo 8 ba, da makanikai da ke jiransu a gefen hanya da keke na biyu a wanke tas, mutum ya zo da mai taɓo ya jefa musu ya haye sabo ba tare da ya tsaya ba. Sai yaro ya kalli nasa keken ya ce ai wannan ba namu ba ne. Alhali abin da ke riƙe da wasan ba a nuna shi a talabijin. A Ingila misali kusan kowane yanki yana da gasarsa ta kakar wasa, akwai ta Yorkshire akwai ta Wessex da sauransu, kowane ƙarshen mako wani kulob ne ke karɓar baƙi a filin makaranta ko wurin shaƙatawa ko gonar wani, iyaye ne ke kafa turaku suna riƙe tuta, yara ƙanana su fara nasu da safe, dattawa masu furfura su yi nasu, kuma a irin waɗannan ƙananan gasa ba wanda zai kore ka don ka zo da keken VTT, wato mai faɗin tayar nan na hawan tudu da shiga jeji. Dokar nan ta cewa taya kada ta wuce milimita 33 ta manyan gasa ce. Ana tara maki mako bayan mako, a ƙarshen kaka a san zakaran yanki, waɗanda suka yi fice su hau ta ƙasa. Mu 'yan Nijar bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, ɗan kokowar da ka ga ya ɗaga takobi ai ba daga sama ya faɗo filin ba, ya sha ƙasa a dandalin ƙauye bayan girbi, ya wuce zaɓen jiha, sannan ya shiga cikin waɗanda za su kare sunan Maradi gaban sauran jihohi bakwai. Wancan dandalin ƙauyen shi ne ba mu da shi a keke, shi ne kuma kake tambaya a kai ko da ba haka ka faɗa ba.

Dalilin da ya sa na ce ya dace da mu shi ne tseren titi yana da tsada tun kafin a taka feda. Sai ka nemi izinin tare gudron, sai jami'an tsaro, sai motoci da baburan rakiya da man da za su sha, kuma duk da haka gabanka na faɗuwa saboda manyan motocin nan da ke bin hanyar Dan Isa ko ta Zinder ba ruwansu da tserenka. 'Yan kallo kuma su tsaya awa biyu a rana, ayari ya wuce fuu cikin daƙiƙa goma, shi kenan an gama kallo. A siklo-kuros kuwa fili ɗaya ne, ba mota ko ɗaya, uba yana tsaye wuri guda zai ga ɗansa ya wuce shi sau shida ko bakwai, mai ƙosai da mai piya wata su yi ciniki, in yaro ya faɗi a kan rairayi ya faɗi ba a gudron ba.

Maganar taɓo kuwa cire ta a ranka. Wasu daga cikin filayen da aka fi girmamawa a Beljik na rairayi ne. Koksijde tuddan yashi ne na bakin teku, a nan aka yi gasar duniya ta 2012 inda 'yan Beljik suka kwashe na ɗaya har zuwa na bakwai, Zonhoven kuma wani ƙaton rami ne na yashi da ake gangarawa cikinsa. Wuraren da ba su da yashi har da mota suke sa a kawo musu a zuba. Mu kuwa Allah ya hore mana shi kyauta. Ka sauka Gulbi da rani ka ga, ga rairayi a cikin kwarin, ga gaɓa da za a hau a sauka, ga gangaren da ke tsakanin tudun da gari yake yanzu da fadamar da tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945, ga ramukan masu bugun bulo. In ma taɓon kake marmari, bakin tabkin Madarunfa yana nan. Abu ɗaya dai, kada ka cika hanyar da yashi don kana da shi. Yanki biyu sun isa, kowanne taku hamsin zuwa tamanin, sauran ya zama ƙasa mai tauri da kwana-kwana, in ba haka ba ka shirya tseren ƙafa ne ana jan keke, yara su tsani abin tun ranar farko. Kuma ba sai kun kai kilomita 2.5 ba, ɗaya da rabi ya ishe ku farawa, na ƙananan yara ma rabin haka.

Shi yashi yana da yadda ake shigarsa, kuma a nan ne za ka gane wanda ya iya. Da gudu ake shigowa, tun kafin ka iso ka riga ka zaɓi bitas ɗin da za ka iya murzawa har ƙarshe, ka ja jikinka baya a kan sirdi don tayar gaba ta yi sauƙi, hannunka kada ya ƙanƙame kan keken, ka bar shi ya ɗan yi rawa ya bi sawun da na gabanka suka tona, idonka can bakin fita ba a kan tayarka ba. Birki haramun ne a ciki. Da ka ji keken ya fara nutsewa kada ka tsaya jayayya da shi, diro tun da sauran gudu a jikinka ka ruga, don wanda ya jira sai da keken ya tsaya cak ya karkata sannan ya sauka, mutum uku sun wuce shi. Saukar ma koyonta ake. Ta hagu ake sauka saboda sarƙa na dama: kana tafe ka wurgo ƙafar dama ta bayan sirdi ta dawo hagu, hannun dama ya bar kan keken ya kama ƙarfen sama, ka saki feda ka dira kana gudu, in katako ne ka ɗaga keken ka tsallake, in tudu ne mai nisa ka zura hannu ka ɗora shi a kafaɗar dama. Wajen komawa kuma a kan cikin cinyar dama ake sauka a sirdi sannan a zame a zauna, ka gaya wa yaran nan da kyau, don wanda ya yi tsalle ya dira daidai tsakiya zai yi bayani da wata irin murya. Ku ware yamma guda a mako a filin lakwal ba a yin komai sai sauka da hawa, a hankali tukuna kamar ana tafiya, saurin zai zo da kansa.

Kekuna kuwa kowa ya zo da abin da yake da shi, amma a raba aji. VTT na gwanjo da suka cika gari su ne ma suka fi dacewa da yashinmu saboda faɗin taya. Masu baƙin keke irin su Phoenix a ba su nasu rukuni daban, kada ka haɗa su da masu bitas, keken da ya haura kilo 15 ba a cewa yaro ya saɓa shi ya hau gaɓa, tura shi zai yi, kuma wallahi ina jin rukunin nan ne zai fi tara 'yan kallo. Abin da ba sassauci a kansa shi ne birki biyu masu kamawa, da toshe bakin ƙarfen kan keke, da cire kariya da jak da duk wani ƙarfe mai tsini, da kaske. Na san kaske zai zama rigima. Ku sayi ko guda goma na gwanjo su zama na gasa ana karɓa-karɓa tunda ba lokaci ɗaya kowane rukuni ke tashi ba.

Babban abokin gabarku ba yashi ba ne, ƙaya ce. Tsidau da ƙayar aduwa da ta gawo, ga ƙarangiya da ke cika safa. Turawa suna rage iska sosai, ƙasa da bar 2 a ma'aunin iskar taya, don tayar ta baje ta kama ƙasa, amma su tayoyinsu na musamman ne. Kai mai tib in ka rage da yawa, da ka daki dutse ko bakin rami sai ƙarfen wili ya cije tib ɗin ya yi maka huda biyu gefe da gefe. Ka rage daidai yadda in ka danna da babban yatsa za ta ɗan shiga, ba can ƙasa ba. Dabarar da muke yi a shago ita ce a samu tsohuwar taya a yanke gefunanta a shimfiɗa ta cikin sabuwar kafin a sa tib, keken zai ɗan ƙara nauyi amma tsidau ba zai kai ciki da sauƙi ba. Ranar Asabar a bi hanyar kaf da tsintsiya da manjagara, kuma a gayyaci mai faci ya kafa famfonsa kusa da layin tashi, shi ne naku makanikin gefen hanya. Sannan don Allah a daina zuba baƙin mai a sarƙa ranar tsere. Mai da yashi in suka haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa, suna cin sarƙa da haƙoran bitas. Ɗigo kaɗan, a goge da tsumma har ta kusa bushewa.

To yanzu ita gasar kanta, wadda ita ce ainihin aikin. Na taɓa tsayawa a wani tsere da wasu masu hali suka shirya, an sa kuɗi mai tsoka ga na ɗaya, an yi kiɗa an yi jawabi, da aka zo ƙarshe aka rasa wanda ya rubuta zagaye, wannan ya ce shi ne gaba wancan ya ce ai an riga an zagaye shi, magoya baya suka taso, aka tashi baram-baram kuma ba a sake yi ba. Matsalar siklo-kuros kenan, bayan minti goma na gaba ya cim ma na baya, hanya ta cakuɗe, wanda ke kallo ba ya iya sanin waye na ɗaya. Saboda haka mutanen da suka fi kowa muhimmanci a filin su ne uku da ke zaune a teburin layi: ɗaya yana kiran lambar duk wanda ya wuce da ƙarfi, biyu suna rubutawa kowa a takardarsa ba tare da ya leƙa ta ɗan'uwansa ba, lamba bayan lamba yadda suka wuce, ba a tsallake kowa. A ƙara da waya guda a kafe tana ɗaukar layin tun daga tashi har ƙarshe. Kuma kada ɗayansu ya zama yana da ɗa ko ƙane a cikin tseren. Da na ɗaya ya gama, duk wanda ya iso layi bayansa ya gama kenan ko saura zagaye nawa gare shi, sai a jera su da yawan zagaye sannan da wanda ya riga isowa. A manyan gasa akwai dokar fitar da wanda aka bari a baya sosai, ku kada ku ɗauko ta, yaron da ya zo na ƙarshe yau shi kuke so ya dawo mako mai zuwa.

Lambar kowa ta zama guda ɗaya tun daga farkon kaka har ƙarshe, a rubuta ta da manyan baƙi a yadi a ɗinka a bayan riga ta gefen da teburin yake. Wajen maki akwai hanya biyu da manya ke bi. Superprestige, wata gasar kaka ta Beljik, wadda ake yi tun farkon shekarun 1980 kuma Sven Nys ya ci ta sau 13, maki take bayarwa, na ɗaya 15 har zuwa na goma sha biyar mai 1. Wata gasar tasu kuma lokaci take tarawa kamar Tour. Ku manta da ta lokaci, tana son agogo da ƙwararru. Ku ɗauki maki, amma ku shimfiɗa shi ya kai kowa, misali na ɗaya 50, na biyu 47, na uku 45, daga nan a riƙa rage ɗaya-ɗaya, duk wanda ya gama ko na nawa ne yana da abin da zai rubuta. In tsere shida kuka tsara, a ƙirga mafi kyau biyar na kowa, saboda akwai ranar da mutum zai yi zazzaɓi ko biki ko taya ta fashe, bai kamata rana ɗaya ta kashe masa kaka ba. Jerin makin ne kuma zai ba da wurin tsayawa a layin tashi na mako mai zuwa, masu maki da yawa a sahun gaba, wannan kaɗai ya isa ya sa yaro ya ƙi fashi. Kuma sakamako ya fita a ranar, kafin magariba yana WhatsApp, gobe da safe yana manne a bangon shagon mai gyara. In ya kwana uku bai fita ba zargi ya shigo.

A yi makin kartiye ma, a haɗa na mutum uku na farko daga kowace unguwa. Ka san mutanenmu, da an ce unguwar Zariya ta wuce Bagalam ko 'yan Tibiri sun zo sun kwashe, ba sai ka roƙi kowa ya zo kallo ba. Kowace unguwa ko gari ta karɓi baƙi sau ɗaya, ita za ta nemo fili da masu tsaron kwana-kwana da ruwan sha, wadda ta kasa kawo masu aiki a rage mata maki. Ta haka nauyin ba zai zauna a kanka kai kaɗai ba, don gasar da mutum ɗaya ke ɗauke da ita ranar da ya yi tafiya ta mutu.

Rigimar shekaru tana nan tafe, ka shirya mata. Za ka ga mai gemu ya ce shekararsa 14. Takardar haihuwa ko katin lakwal tun ranar rajista, a rubuta a babban littafi, ba a sake buɗe maganar. 'Yan mata kuma a ba su nasu tashi daban ta hannun malamansu da yardar iyaye, ko su biyar ne a yi.

Kyauta kada ta zama kuɗi mai yawa. Taya, sarƙa, kaske, famfo, abin da zai koma cikin keken, babbar kyauta sai ƙarshen kaka. Kuɗin shiga kaɗan, ko dala arba'in ga manya yara kyauta, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a karanta gaban kowa. Lokaci kuwa daga an gama girbi zuwa kafin zafi ya sauko, wato Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, Lahadi da sassafe a gama kafin ƙarfe goma, a duba kada ya faɗa cikin azumi ko makon kokowar ƙasa don ranar ba mai zuwa. Ranar da hunturu ya taso da ƙura har ba a ganin gaba a ɗaga, ƙirjin yara ya fi maki. In gona za ku ratsa sai da yardar mai ita, kuma a tone kututturen kara a kan hanyar don ya fi wuƙa, lambunan bakin Gulbi kuwa ko kusa kada igiyarku ta je. Ku gaida mai unguwa, ku kai takarda meri, ku nemi 'yan agaji ko malamin asibiti guda da akwatin magani, sannan ku sanar da masu kula da wasanni na jiha da hukumar keke ta ƙasa tun da wuri, saboda in yaro ya fito da ƙafa mai kyau ta hannunsu zai samu lasisi ya je gaba.

In kun sa ranar zagayen gwaji ka aiko a gaya mini tun ana saura mako, zan zo da manjagara biyu da ƙararrawa mu bi hanyar da ƙafa tukuna, akwai kwanar da sai ka tsaya a kanta za ka san ko za ta kayar da yaro.